Marzifan: Abin da ke Sa Shi Tauri da Hanyoyin Tausasa Shi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa cin kek ɗin biki irin na Turawan Ingila, wato mai zabibi da busassun 'ya'yan itatuwa a ciki, zai iya tuna wani shimfiɗi mai zaƙi da ɗan maiƙo da ke kwance tsakanin kek ɗin da farin sukarin da aka lulluɓe shi da shi. Wannan shimfiɗi shi ne marzifan. Da shi ne kuma masu ado suke ƙera 'yan furanni da 'ya'yan itatuwa da ƙananan dabbobi waɗanda ake jerawa a saman kek. Daga ƙasashen waje ake shigo mana da shi, saboda haka kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma ba a kowane kanti ake samun sa ba.

A yau ɗalibai da yawa, musamman mata, sun riƙi gashin kek a matsayin sana'ar da ke rage musu nauyin karatu. Abin da yakan faru shi ne, sai mutum ya sayi ƙunshi guda, ya yi aiki da rabi, ya ajiye sauran. Ranar da wani aikin ya taso sai a tarar ya sandare kamar dutse, ga shi kuwa an riga an karɓi kuɗin masu biki. A nan wasu sukan zubar da shi, wasu kuma su kwarara masa ruwa ya koma kamar kunu. Duka biyun asara ce. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da ke sa marzifan tauri da kuma yadda ake dawo masa da laushinsa, domin kuwa sanin dalilin taurin shi ke nuna maganin da ya dace.

Mene ne Marzifan?

Marzifan ƙulli ne da ake yi da niƙaƙƙen almon da sukari da ɗan ruwa. Almon shi ne ƙwayar da Larabawa ke kira lauz. Itacensa yana son ƙasashe masu sanyin hunturu da rani mara ruwa, kamar gaɓar Bahar Rum da jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda ke samar da kusan kashi 80 cikin ɗari na almon ɗin duniya. Ya kamata mai karatu ya lura cewa itacen nan mai faɗin ganye da ake dasawa don inuwa a harabar makarantunmu, wanda wasu ke kira almon, wani iri ne daban, kuma ba da ƙwayarsa ake yin marzifan ba.

Haɗa lauz da sukari tsohuwar sana'a ce a Gabas ta Tsakiya. A littafin girke-girke na Ibn Sayyar al-Warraq, wanda aka rubuta a Bagadaza a ƙarni na 10, akwai bayanin wata alewa mai suna lauzinaj da ake yi da lauz da sukari da ruwan wardi. Daga baya sai wasu biranen Turai suka shahara da irin nasu. A birnin Toledo na ƙasar Sifen, ƙa'ida ita ce almon ya kai aƙalla rabin nauyin ƙullin. A Falermo, babban birnin tsibirin Sisili na Italiya, ana ƙera shi da siffar lemo da ɓaure da tumatir, a shafa masa launi har mutum ya rantse na gaske ne. A Jamus kuwa, birnin Lubek ne ya yi suna, inda gidan Niederegger ke wannan sana'a tun shekarar 1806, kuma Tarayyar Turai ta ba sunan marzifan ɗin Lubek kariya ta doka a shekarar 1996.

Jamusawa sun tsara wa abin ma'auni, kuma ma'aunin nasu zai taimaka mana mu gane yadda jikinsa yake. A wurinsu, ɗanyen ƙulli na asali bai kamata sukarin da aka sa masa ya wuce kashi 35 cikin ɗari ba, ruwansa kada ya wuce kashi 17, man da ke cikinsa kuma kada ya gaza kashi 28. A kan wannan ɗanyen ƙulli ne ake ƙara sukari a sayar. Na Lubek kashi 70 ne na ƙulli da kashi 30 na ƙarin sukari, mafi darajarsa kuma kashi 90 da kashi 10. Wanda ake sayarwa a kantunan Ingila don lulluɓe kek, galibi almon ɗinsa bai wuce kashi 25 cikin ɗari ba, sauran kusan duk sukari ne.

Ke nan abubuwa uku ne ke zaune tare a cikin marzifan: mai, sukari da ruwa. Ruwan shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu, amma shi ne ke narkar da wani ɓangare na sukarin ya zama kamar zuma, wadda ke manne garin almon ɗin wuri guda, ta kuma riƙe man kada ya tsattsafo. Idan wannan ɗan ruwa ya ragu, laushi ya tafi. Idan ya yi yawa, ƙullin ya caɓe.

Me ke Kawo Taurin?

Dalili na farko shi ne sanyi. Marzifan ɗin da aka ciro daga firij ko firiza yakan yi tauri saboda mansa da zumar sukarinsa sun daskare. Irin wannan bai rasa komai ba, ɗumi kawai yake bukata.

Dalili na biyu shi ne bushewar baya. Da zarar an buɗe ƙunshi iska ta fara taɓa shi, ruwan da ke samansa zai riƙa tashi, sai ya yi ɓawo mai tsattsagewa alhali cikinsa na nan da laushi. Lokacin hunturu abin ya fi sauri, domin iskar ba ta da laima ko kaɗan. Haka kuma iskar cikin firij da ta ɗaki mai na'urar sanyaya ɗaki busassu ne, suna zuƙe ruwan abin da ba a rufe ba.

Dalili na uku shi ne bushewar da ta ratsa har ciki. Idan an daɗe, ruwan da ya riƙe sukari a narke yakan ragu sosai, sai sukarin ya koma ƙanƙara, ƙwayoyinsa su sarƙe da juna. Wannan shi ne marzifan ɗin da idan an ƙwanƙwasa shi a tebur yake ƙara, idan an matsa shi kuma ya farfashe. Wanda sukarinsa ya fi yawa shi ya fi saurin kaiwa wannan hali, kuma shi ya fi yin tauri. Don gudun haka ne kamfanoni ke sa ruwan gulukos a cikin nasu, saboda gulukos yana riƙe danshi, yana kuma hana sukari yin ƙanƙara.

Hanyar gane wanne ne ya same shi mai sauƙi ce. A bar shi ya huce daga sanyin firij, sannan a yanka shi gida biyu da wuƙa, a danna tsakiyarsa da babban yatsa. Idan yatsa ya lotsa, matsalar ta tsaya a baya. Idan tsakiyar ma tana marmashewa, to bushewar ta kai ciki.

A Fara Duba Lafiyarsa

Kafin a ɓata lokaci wajen tausasawa, sai a tabbatar abin yana ciyuwa. Kusan rabin nauyin ƙwayar almon mai ne, shi kuwa mai yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da iska. A sansana. Lafiyayyen marzifan yana da ƙamshi mai daɗi. Idan aka ji warin tsohon mai, ko aka ɗanɗana aka ji maƙaƙi a maƙogwaro, ya riga ya lalace, kuma babu dabarar da za ta gyara shi. Haka nan idan aka ga funfuna, ko da ɗigo ɗaya ne, a zubar da shi duka, domin saiwoyin funfuna sukan ratsa inda ido ba ya gani. Wanda aka haɗa a gida da ɗanyen farin ƙwai kuwa ba ya jure ajiya kamar na kanti, saboda haka idan ya daɗe har ya sandare, barin sa ya fi alheri. Asarar ƙunshi ɗaya ta fi sauƙi a kan a ce kek ɗin wance ya ɓata wa mutane ciki a wurin biki.

Hanyoyin Tausasawa

Ƙa'idar ita ce a fara da hanya mafi sauƙi, sai ta gaza sannan a matsa zuwa ta gaba.

1. Ɗumin hannu. Idan sanyi ne kawai, a bar shi cikin ledarsa a ɗaki na kamar awa ɗaya. Barin sa cikin leda yana da muhimmanci, domin raɓar da ke taruwa a jikin abu mai sanyi ta tsaya a kan ledar. Daga nan sai a wanke hannu a goge shi sarai, a gutsuro kaɗan kamar girman ƙwai, a riƙa murzawa a tafin hannu a hankali. In ya yi laushi a ajiye shi ƙarƙashin kwano, a ɗauko wani, daga ƙarshe a haɗe su.

2. Fere ɓawo. Idan bayan ne ya bushe, a sa wuƙa mai kaifi a fere ɓawon, a murza cikin shi kaɗai. Kada a cuɗa ɓawon da cikin, domin zai bar ƙananan tsakuwoyi da za su yaga shimfiɗin lokacin da ake murza shi a faifai. Ɓawon kuma ba abin zubarwa ba ne, yana da amfani a wajen gashi kamar yadda za mu gani a gaba.

3. Ɗumin ruwa. A ɗaure shi tam cikin leda biyu, a tsoma cikin ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, na minti 10 zuwa 15, sannan a fito da shi a murza. Wannan hanya ba ta bukatar wutar lantarki, kuma ɗumin yana shiga ko'ina daidai. Mai maikurowef yana iya sa shi na daƙiƙa 5 zuwa 10, ya fito da shi ya murza, in da bukata ya sake. A yi hattara ƙwarai, domin wannan na'ura takan ƙona tsakiyar abu mai sukari alhali bayansa bai ko yi ɗumi ba, kuma narkakken sukari yana ƙuna mai tsanani.

4. Kwana da burodi. Idan akwai lokaci, wannan ita ce hanya mafi aminci. A yayyanka marzifan ɗin ƙanana, a zuba a roba mai murfi, a sa yankan sabon burodi guda a ciki, a rufe ruf ya kwana. Sukari yana jawo danshi daga iska, saboda haka zai zuƙe laimar burodin sannu a hankali. Da safe za a tarar burodin ya bushe, marzifan ɗin kuma ya saki. Wasu sukan yi amfani da yankan tuffa, amma sai a ɗora shi a kan 'yar takarda don kada ya taɓa ƙullin. Kada a wuce kwana ɗaya ba a duba ba, saboda funfuna.

5. Goga da ɗigon ruwa. Wannan ita ce ta wanda ya bushe har ciki. A goge shi a magogi kamar yadda ake goga kuɓewa ko kwakwa, har ya zama gari-gari. Ga giram 250, a fara da rabin cokalin shayi na ruwan da aka tafasa ya huce, a yayyafa, a juya da cokali mai yatsu, a rufe a bar shi na kamar awa ɗaya ruwan ya ratsa. Sannan a murza. Idan har yanzu yana tsagewa, a ƙara 'yan ɗigo. Cokalin shayi ɗaya na ruwan gulukos ya fi ruwa zalla aiki, domin laushin da yake bayarwa yana daɗewa. Zuma ma tana yi, sai dai takan sauya ƙamshi da launi. Ruwan wardi ko ruwan lemon zaƙi suna ƙara ƙamshi. Littattafan girkin Turawa sukan ce a sa barasa, amma waɗannan da muka ambata sun wadatar. Yana da kyau kuma a riƙa karanta bayan ƙunshi tun a kanti, domin akwai nau'o'in da ake sa wa barasa tun daga kamfani.

Darasi Daga Masu Ƙuli-ƙuli

Babban haɗarin da ke cikin wannan aiki shi ne fitar mai. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mata masu ƙuli-ƙuli ya san yadda suke raba gyaɗa da manta: a niƙa ta, a riƙa zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan, a tuƙa da ƙarfi ba tsayawa, har man ya taso sama tunkuza ta dunƙule. Almon da gyaɗa halinsu ɗaya ne ta wannan fuska. Wanda ya haɗa wa marzifan ruwan zafi da zafin wuta da murza mai ƙarfi, ya bi hanyar masu ƙuli-ƙuli ke nan bai sani ba. Zai ga hannunsa yana ƙyalli, ƙullin yana zamewa yana rabuwa, ya ƙi haɗuwa.

Saboda haka ruwan da za a ɗiga masa ya zama mai sanyi, ɗumin da za a ba shi ya zama kaɗan, murzawa kuma a tsaya da zarar ya yi laushi. Kada a daka shi a turmi. In za a sa shi a injin markaɗe, a kunna a kashe na 'yan daƙiƙoƙi kawai. Idan man ya riga ya fara fita, a dakata nan take. A goge shi da takarda mai tsabta, a rufe shi ya huta a wuri mai sanyi na rabin awa, sannan a barbaɗa garin sukari da ɗigo biyu ko uku na ruwan sanyi, a haɗe shi a hankali. Sau da yawa yakan dawo, ko da yake ba zai kai sabo santsi ba. Haka kuma kada a ce za a tausasa shi da man gyaɗa ko bota, domin ruwa ya rasa, mai kuwa yana da shi har ya yi yawa.

Na Ado da na Gashi

Laushin da ake bukata ya danganta da aikin da za a yi. Na ado yana son ya zama kamar yumɓun da aka cuɗa sosai: a mulmula shi ba tsaga, a kuma ajiye shi ya tsaya da siffarsa. Gwajin shi ne a murza ɗan kaɗan ya yi tsawo kamar yatsa, a lanƙwasa. In bai tsage ba, ya yi. Wajen shimfiɗawa, a barbaɗa garin sukari a kan tebur. Kada a sa fulawa, domin ɗanye ake cin marzifan. Kaurin shimfiɗin ya kasance milimita 3 zuwa 5. A shafa wa kek ɗin jam mai ɗumi, Turawa sun fi amfani da na afirkot, domin shimfiɗin ya manne. Bayan an lulluɓe, a bar shi ya sha iska na kwana ɗaya zuwa uku kafin a ɗora farin sukari a kai, don kada man almon ya ratso ya ɓata farin. A nan bushewar da muke gudu ta zama abin so.

Na gashi kuwa ba ya bukatar santsi sosai, don haka a nan ne ɓawon da aka fere da wanda ya ƙi haɗuwa suke da amfani. Ana iya goge shi a zuba cikin kwaɓin kek ko na biskit, sai a rage sukarin kwaɓin. Ana kuma iya haɗa giram 200 da farin ƙwai ɗaya, a cuɗa har ya yi laushi, a ɗiɗɗiga a faranti a gasa na kimanin minti 15 a wuta matsakaiciya. Farin ƙwai yana tausasa marzifan sosai, amma a keɓe shi ga abin da zai shiga wuta, saboda ɗanyen ƙwai na iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela. Jamusawa sun daɗe suna gasa marzifan. Mutanen Farankfot suna da 'yan dunƙule da ake manna wa ɓari uku na almon a gasa, ana kuma naɗe shi a tsakiyar burodin Kirsimeti da suke kira Stollen.

Wanda ke zaune a wuri mai laima, kamar Legas ko Fatakwal a lokacin damina, matsalarsa takan juya: marzifan ya jawo danshi ya riƙa danƙo. Maganin wannan shi ne garin sukari kaɗan-kaɗan. Furannin da aka ƙera kuma a ajiye su cikin kwali a wuri busasshe. Idan aka sa su a firij, sukan yi gumi da zarar an fito da su, launinsu ya zube.

Ajiya

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Da zarar an yanki abin da ake bukata, a naɗe sauran da leda mai manne wa jiki har sau biyu, a matse iskar, a sa a roba mai murfi. Ko lokacin da ake cikin aiki, ɓangaren da ba a taɓawa ya kasance a rufe. Idan za a yi amfani da shi cikin 'yan makonni, firij ya isa. Idan zai daɗe, a raba shi ƙananan ƙunshi a sa a firiza, inda yakan yi watanni, a riƙa ciro daidai bukata. A rubuta ranar da aka buɗe shi a jikin robar. A kuma nisanta shi daga albasa da kifi da daddawa, domin abu mai maiƙo yana saurin ɗaukar wari.

Akwai wani hakki kuma da ke kan mai sana'a. Wasu mutane jikinsu ba ya karɓar almon da dangoginsa, har yakan kai su ga kumburi da sarƙewar numfashi. Tunda marzifan yakan ɓuya ƙarƙashin farin sukari, wajibi ne a shaida wa mai sayen kek cewa akwai shi a ciki.

Kammalawa

A cikin wannan maƙala mun ga cewa marzifan haɗi ne na mai da sukari da ɗan ruwa, kuma taurinsa yakan zo ne daga sanyi, ko bushewar baya, ko bushewar da ta kai ciki. Na farko ɗumi yake so, na biyu wuƙa, na uku kuma magogi da 'yan ɗigon ruwa da lokaci. Wanda ya lalace da wari ko funfuna ne kaɗai ba shi da magani. Shawararmu ga 'yan uwa masu wannan sana'a ita ce, a duba marzifan tun ana sauran kwana biyu a fara aiki, domin hanyoyin da suka fi kyau su ne masu bukatar a kwana. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, balle wannan dutse da yankan burodi guda ke iya tausasawa kafin gari ya waye.